Fim a Matsayin Makaɗin Maza: Nazarin Fina-finan Dabar Ƙwallon Ƙafa Daga Mahangar Gidajen Kallo na Ikara da Maƙarfi da Kudan

1.0 Gabatarwa

Ƙwallon ƙafa na Turai ya daɗe da samun gindin zama a ƙasar Hausa. Da wuya a sami gari mai kasuwa a arewacin Jihar Kaduna, kamar Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, wanda ba shi da gidan kallo, watau rumfar kwano mai bencina da janareta, da allo a bakin ƙofa inda ake rubuta wasannin ranar da alli. A nan ne samarin da suka wuni a gonar rake ko lambun tumatir suke taruwa da maraice su kalli Chelsea da Arsenal da Manchester United. Shaƙuwar tana da dalili. Daniel Amokachi, wanda ya taso a Ranchers Bees ta Kaduna, ya je Everton a 1994. Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, ya shiga Chelsea a 1997, Nwankwo Kanu ya shiga Arsenal a 1999, Ahmed Musa na Kano Pillars kuma ya je Leicester a 2016.

Sai dai wannan ƙwallo bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da riguna da tutoci da sunayen laƙabi, kuma a bayansa akwai wani rukunin fina-finai da aka gina a kan faɗace-faɗacen magoya baya. Yanzu da wayar hannu ta zama silima a aljihu, babu shingen da ya rage tsakanin irin waɗannan fina-finai da saurayin Paki ko Gimi ko Likoro. Wannan maƙala za ta auna guda biyar daga cikinsu da ma'aunin da Bahaushe ya riga ya mallaka, watau fagen dambe da aikin makaɗan maza. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk fim ɗin da ya ɗauki faɗa ya mai da shi abin kallo ya shiga sana'ar makaɗi, ko ya sani ko bai sani ba. Darajarsa kuwa tana rataye ne a kan abu ɗaya: ko ya bar wa alƙali gurbi a cikin fagen, ko kuwa ya kore shi.

2.0 Asalin Abin da Fina-finan Suke Nunawa

Kafin a shiga nazarin fina-finan, ya kamata a san tushen da suka tsiro daga gare shi. Tun daga shekarun 1960 har zuwa ƙarshen shekarun 1980 Ingila ta yi fama da ƙungiyoyin samari masu fakewa da goyon bayan kulob suna shirya faɗa da takwarorinsu na wasu garuruwa, a tashoshin jirgin ƙasa da mashaya da cikin filayen wasa. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan hali ita ce daba, saboda haka a nan za a kira su 'yan dabar ƙwallo. Abin ya kai matuƙa ranar 29 ga Mayu, 1985, a filin Heysel da ke Brasels ta ƙasar Beljiyam, inda magoya bayan Liverpool suka auka wa na Juventus, katanga ta rushe, mutum 39 suka mutu. Wannan ya sa aka hana kulob-kulob na Ingila shiga gasar Turai har shekara biyar. Bayan bala'in Hillsborough na 1989, wanda ya ci rai 97, wanda kuma bincike ya tabbatar sakacin 'yan sanda ne ya haddasa shi ba daba ba, sai rahoton Taylor na 1990 ya kawo dokar zama a kan kujeru a manyan filaye. Aka ƙara da kyamarorin tsaro da dokokin hana masu laifi halartar wasa, har faɗa ya ragu ƙwarai a cikin filayen.

Masana a Ingila sun rabu a kan fassarar lamarin. Peter Marsh da abokan aikinsa, a littafinsu The Rules of Disorder na 1978, bayan nazarin magoya bayan Oxford United, sun ga cewa yawancin abin burga ne da kurari mai ƙa'idoji na ɓoye, kuma ba safai yake kaiwa ga mummunan rauni ba. Eric Dunning da abokan aikinsa na Jami'ar Leicester, a The Roots of Football Hooliganism na 1988, sun danganta shi da tarbiyyar unguwannin leburori, inda ake auna namiji da ƙarfin damtsensa da kare iyakar unguwarsu. Waɗannan ra'ayoyi biyu suna da amfani ga mai nazarin Hausa, domin na farko yana kama da siffar dambe, na biyu kuwa da siffar daba.

3.0 Ma'auni: Makaɗi da Fage da Alƙali

Bahaushe bai taɓa ƙyamar kallon artabu ba, shi ne ma ya ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Dambe da kokawa da wasan tauri da shaɗin Fulani duk shaida ne. Amma idan aka dubi dambe da kyau za a ga ya tsaya a kan abubuwa uku. Na farko akwai makaɗi, wanda aikinsa zuga ne. Shi ke kiran ɗan dambe da takensa a kalangu, ya tuna masa kisan da ya yi a baya, ya muzanta abokin karawarsa, har tsuma ta kama shi ya fito yana kirari. Abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago ke nan, abin da Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri ke nan. Na biyu akwai fage, watau wuri sananne da lokaci sananne, galibi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, kuma ba a shigar da wanda bai ɗaura hannu ba. Na uku akwai alƙali da manyan fage, masu raba turmi, masu hana dukan wanda ya riga ya kai ƙasa. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare.

Daba kuwa, wadda ake kiran masu yin ta 'yan daba a Kano, ƙauraye a Zariya da Katsina, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan kalare a Gwambe, ta gaji zuga da kirari da tsuma daga farauta da tauri, amma ta yar da fage ta yar da alƙali. Ko'ina fage ne, kowa abokin karawa ne, wanda ya faɗi kuma shi ake sara.

A cikin fim, abubuwan da ke yin aikin makaɗi su ne kiɗan da aka ɗora a kan hoto, da inda aka ajiye kyamara, da saurin yanka hotuna, da muryar tauraro mai ba da labari. Abin da ke yin aikin alƙali kuwa shi ne duk wata dabara da ke dakatar da tsumar mai kallo ta sa shi ya ga abin da duka yake yi wa jiki da gida. Ba a auna wannan da jawabin nasiha na ƙarshen fim. Manazarta waƙar Hausa sun daɗe da nuna cewa jigo ba ya rabuwa da salo. Waƙar da ta kwashe baiti arba'in tana zuga ba ta zama wa'azi don an rufe ta da baiti ɗaya na tuba.

4.0 Fina-finan da Suka Bar wa Alƙali Gurbi

4.1 The Firm (1989)

Alan Clarke ne ya ba da umarnin wannan fim na gidan talabijin na BBC, Gary Oldman kuma ya fito a matsayin Bex. Abu na farko da fim ɗin ya yi shi ne rushe uzurin talauci. Bex dillalin gidaje ne, yana da mota da gida da mata da ƙaramin ɗa. Burinsa ya haɗa dabobi uku su zama ɗaya a ƙarƙashinsa domin tafiya gasar ƙasashen Turai ta 1988 a Jamus, kuma hanyar zaɓen shugaba ita ce su gwabza a tsakaninsu. Clarke ya kusa hana fim ɗin kiɗa gaba ɗaya. Kyamara tana bin mutanen a ƙafa, doguwar ɗauka ba yankewa, sai ƙarar takalma da ashar da numfashi. Ba a ba mai kallo taken da zai yi tsuma da shi ba.

Fitowar da ta fi kowace nauyi ba ta faɗa ba ce. Ɗan Bex mai rarrafe ya tsinci 'yar wuƙar da uban yake yankan fuskar mutane da ita, ya sa a baki. A nan fim ɗin ya nuna cewa daba ba ta tsayawa a bakin zaure. A ƙarshe abokin gabarsa Yeti ya harbe Bex, sai ga dukkan dabobin sun haɗu a mashaya suna yi masa kirari a gaban kyamara, suna ɗaukarsa gwarzon da ya haɗa kansu. Ɗaya daga cikinsu ma ya nuna cewa in an hana su a ƙwallo za su koma wani wasan. Gwanintar Clarke ita ce ya sa kirarin a bakin 'yan wasa, shi kuwa ya tsaya gefe. Mai kallo yana jin yabon, amma ya riga ya ga jinin yaron, don haka yabon ya zama abin ƙyama a kunnensa.

4.2 Ultrà (1991)

Wannan fim na Ricky Tognazzi ɗan Italiya, wanda ya sami lambar ba da umarni a bikin fina-finai na Balin a 1991, ya bi magoya bayan Roma a jirgin ƙasa zuwa Turin domin wasa da Juventus. Shugabansu Principe ya fito daga kurkuku, bai san amininsa Red ya maye gurbinsa a wajen budurwarsa ba. Yawancin fim ɗin a cikin taragon jirgi aka yi shi, inda ƙunci da gaba ta cikin gida suke ta tafasa. Da faɗa ya kaure a Turin, wuƙar Principe ba ta sami abokin gaba ba, yaronsu Smilzo ta samu, kuma ya mutu. Zubin labarin shi ne alƙalin wannan fim. An tsara shi yadda mai kallo zai gane cewa gabar da ake tafiya da ita Turin tun daga gida aka ɗauko ta, Juventus suna ne kawai aka laƙa mata.

4.3 I.D. (1995)

Philip Davis, wanda shi ne ya fito a Yeti a fim ɗin Clarke, ya ba da umarnin I.D. Labarin John ne, ɗan sandan ciki da aka tura tare da abokan aikinsa uku su saje da 'yan dabar wani kulob na ƙage mai suna Shadwell Town. Sannu a hankali abin da ya je leƙe ya haɗiye shi, ya rasa matarsa da aikinsa, daga ƙarshe aka gan shi cikin jerin gwanon masu wariyar launin fata. Muhimmancin wannan fim ga nazarin da ake yi shi ne, John ɗan kallo ne da farko, kamar mai kallon fim ɗin. Fim ɗin bai ɓoye daɗin abin ba: waƙar taro da rungumar abokai da jin cewa ana tsoronka. Ya bar mai kallo ya ɗanɗana, sa'an nan ya nuna masa fuskar John tana sauyawa har ta zama ba a gane ta. Watau fim ne a kan zuga kanta da abin da take yi wa wanda ya saurare ta.

5.0 Fina-finan da Suka Kori Alƙali

5.1 The Football Factory (2004)

Nick Love ya ɗauko labarin daga littafin John King na 1996. Tauraron shi ne Tommy Johnson, ɗan dabar Chelsea, wanda Danny Dyer ya fito a matsayinsa, kuma muryarsa ce take jan labarin tun daga farko har ƙarshe. Wannan murya kirari ce tsantsa, irin ta ɗan tauri a tsakiyar fage: yana faɗin abin da ya fi ƙarfinsa babu, yana raina mai zaman lafiya. Kowane artabu an ɗora masa kiɗa mai sauri, an yanyanka hotuna yadda duka zai faɗa a kan amon ganga. Akwai ƙoƙarin kawo alƙali, domin an sa kakan Tommy, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama ma'aunin jaruntaka ta gaskiya, an kuma sa Tommy yana mafarkin ajalinsa. Amma bayan 'yan Millwall sun yi masa lilis ya kwanta asibiti, sai ya tambayi kansa ko abin ya cancanci wahalar, ya kuma amsa da cewa ƙwarai kuwa. Da wannan amsa fim ɗin ya tashi alƙalin da ya zaunar da kansa.

5.2 Green Street (2005)

Fim ɗin Lexi Alexander shi ne ya fi sauran yaɗuwa a duniya, kuma shi ne ya fi buƙatar a yi masa karatun tsanaki, domin a zahiri kamar gargaɗi yake yi. Matt Buckner, wanda Elijah Wood ya fito a matsayinsa, ɗalibin aikin jarida ne a Jami'ar Harvard ta Amurka. An kore shi saboda hodar iblis ta abokin ɗakinsa ɗan masu hali, bai iya buɗe baki ya kare kansa ba. Ya tafi Landan wajen yayarsa, ya faɗa hannun Pete, ƙanen mijinta, malamin makaranta kuma shugaban dabar West Ham. A ƙarshe Tommy Hatcher na Millwall, wanda ɗansa ya mutu a wani faɗa na baya, ya kashe Pete da duka. Mai kallo zai ce ai ga sakamako nan an nuna.

Amma a dubi inda fim ɗin ya tsaya. Matt ya koma Amurka, ya tunkari wanda ya cuce shi, ya naɗi muryarsa yana amsa laifi, ya fito titi yana rera waƙar West Ham. Ragon da ya zo Landan ya koma gida namiji, kuma daba ce makarantarsa. Mutuwar Pete ba ta zama hukunci ba, ta zama kuɗin makarantar Matt. Ita kanta fitowar mutuwar an rage saurin hoto an ɗora mata waƙa mai taushi, yadda za ta zama shahada a idon mai kallo. Wannan shi ne salon makaɗin da ke yi wa mamacin ɗan dambe ta'aziyya domin ya zuga na raye.

Abin lura a nan shi ne lokacin fitowar waɗannan fina-finai biyu. Clarke ya yi nasa shekara huɗu bayan Heysel, lokacin da abin yake ci. Love da Alexander sun yi nasu bayan an kafa gasar Firimiya a 1992, filaye sun zama na masu kujera da tikiti mai tsada. Saboda haka begen zamanin da ya wuce suke sayarwa, kuma kasuwar ta karɓa, har aka biyo da Cass a 2008 da Awaydays a 2009. Ba a kuma ce wutar ta mutu ba, domin a watan Agusta na 2009 an yi mummunan rikici a wasan West Ham da Millwall, har aka soki wani mutum da wuƙa.

6.0 Abin da Kyamara Ta Kauce wa

Akwai abubuwa biyu da rukunin gaba ɗayansa ya kau da kai daga gare su, musamman kashi na biyu. Na farko shi ne ƙwallon kansa. Mutum zai kalli The Football Factory daga farko har ƙarshe da ƙyar ya ga an taɓa tamaula. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne wanda bai ɗaura hannu ba. Fina-finan suna nuna daba kamar dambe ce, watau maza ne suka yarda suka haɗu a bayan gari, kowa ya san abin da ya kawo shi. Wannan ra'ayin Marsh ne aka mai da shi hoto. Tarihi kuwa ya ƙaryata shi. Waɗanda suka mutu a Heysel 'yan kallo ne, har da yaro. A filin wasa na Akara, ranar 9 ga Mayu, 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, jifa da kujeru ya sa 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, aka yi turmutsitsi a ƙofofi, mutum 126 suka mutu. A Port Sa'id ta Masar, ranar 1 ga Fabrairu, 2012, bayan wasan Al-Masry da Al-Ahly, an rasa rai 74. Babu ɗaya daga cikin fina-finan zuga da ya iya ɗaukar irin wannan hoto, domin da ya ɗauka da kiɗan ya tsaya.

7.0 Fina-finan a Idon Mai Kallo na Ikara da Maƙarfi da Kudan

Tambayar da ta rage ita ce, me waɗannan fina-finai suke nufi ga saurayin wannan yanki? Brian Larkin a Signal and Noise na 2008, da Abdalla Uba Adamu a rubuce-rubucensa kan fim ɗin Hausa, sun nuna cewa Bahaushe ba ya haɗiye fim ɗin waje ɗungurungum. Yana ɗaukar abin da ya yi kama da rayuwarsa, kamar yadda ya ɗauki auren dole daga fim ɗin Indiya. Saboda haka sai a duba wane ɓangare na dabar ƙwallo ne yake da makamanci a nan.

A Landan, West Ham da Millwall unguwanni ne na ma'aikatan tashar jiragen ruwa, gabarsu gado ce, iyakar kulob ita ce iyakar unguwa. A Maƙarfi ba haka abin yake ba. Ɗan Chelsea da ɗan Arsenal suna iya zama wa da ƙane a gida ɗaya, su yi sahu ɗaya a masallaci, su yi aikin mazarƙwaila a injin ɗaya. Adawarsu ta ratsa gidaje da unguwanni maimakon ta bi iyakarsu, shi ya sa ta fi kama da wasan taubasai, ko ba'ar da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi. Wanda aka ci yana shan tsiya har mako, ya jira ranar ramuwa. Ba a ce ba a samun ɓarna ba. A watan Mayu na 2009, bayan Barcelona ta ci Manchester United 2 da 0 a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, wani direba a garin Ogbo na Jihar Ribas ya kutsa da mota cikin masu murna ya kashe mutum huɗu. Caca a kan sakamakon wasa kuma tana mai da ba'a ta zama rigimar kuɗi. Amma waɗannan fushin mutum ɗaya ne, ba su da shugaba da sahu da iyaka irin na daba.

Inda haɗarin yake shi ne wurin da sunan ƙungiya ya zama sunan gari. A watan Afrilu na 2022, a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, an tashi wasan Kano Pillars da Katsina United ba a gama ba, aka farfasa motar baƙin. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 9 ta kuma cire mata maki uku, a ƙarshen kakar kuwa ƙungiyoyin biyu duka suka faɗa rukuni na ƙasa. A watan Oktoba na 2025 an sake kutsawa cikin wannan fili bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ci a ƙarshen wasa, aka kai wa alƙalan wasa da baƙi hari. A ƙaramin mataki, gasar kofi tsakanin garuruwa da unguwanni, irin wadda 'yan siyasa da masu hali suke sa wa kuɗi a ƙananan hukumomi, tana da wannan siffa: fili ba katanga, alƙalin wasa ɗaya ba mai kare shi, 'yan kallo kuma sun zo da tsohuwar jiƙaƙƙa ta iyakar gona ko ta sarauta ko ta zaɓe. A irin wannan wuri ne darasin Green Street, cewa namiji shi ne wanda ba ya ja da baya in an taɓa sunan unguwarsu, zai sami ƙasa mai dausayi. Saurayin Kudan ba shi da abin da zai ɗauka daga gabar West Ham da Millwall, amma yana da inda zai sauke wannan darasi.

8.0 Darasi ga Fim ɗin Hausa da Ajin Adabi

Masu shirya fim ɗin Hausa sun riga sun shiga wannan gona ta wata ƙofar, domin fina-finai masu dogon zango a kan 'yan daba, irin su A Duniya, sun sami 'yan kallo masu yawa a intanet. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta amsa da hani: a 2021 ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a 2024 kuma ta hana fina-finan da ke nuna daba. Damuwar hukumar tana da tushe, amma nazarin da ya gabata ya nuna cewa hanin ya auna jigo ne ya bar salo. Da za a bi wannan ƙa'ida a kan fina-finan da aka tattauna, da The Firm da The Football Factory hukunci ɗaya za su samu, alhali ɗaya magani ne ɗaya kuwa cuta. Tambayoyin da suka kamaci mai tacewa da mai sharhi su ne: wa aka ba taken kiɗa idan ya shigo? A bayan wa kyamara take tsayawa lokacin sara? Ana bin wanda aka sara zuwa asibiti da gidan uwarsa, ko kuwa ana bin wanda ya yi saran zuwa majalisar abokansa?

Ga malamin adabi kuwa, a makarantun sakandare na yankin ko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke maƙwabtaka a Zariya, waɗannan fina-finai kayan aiki ne masu kyau. Ɗalibin da ya san yadda take da kirari da zuga suke aiki a waƙar maza ya riga ya mallaki rabin ilimin nazarin fim. Idan aka nuna masa fitowar mutuwar Pete sau biyu, sau ɗaya da sauti, sau ɗaya an kashe sautin, zai gane da kansa abin da kiɗa ya ƙara a kan hoton mutumin da ake duka har ya daina motsi.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa fina-finan dabar ƙwallo sun kasu gida biyu, kuma abin da ya raba su salo ne, domin jigonsu ɗaya. The Firm da Ultrà da I.D. sun nuna zuga ba tare da sun zama masu yin ta ba. The Football Factory da Green Street sun ɗauki kalangu da kansu, suka ari mutuncin dambe suka yafa wa daba. An kuma ga cewa adawar gidan kallo a Ikara da Maƙarfi da Kudan ta fi kusa da wasan barkwanci, kuma wurin da ya kamata a sa wa ido shi ne gasar cikin gida, inda ƙungiya da gari suke amsa suna ɗaya. Akwai buƙatar ɗaliban manyan digiri su shiga gidajen kallon yankin su tattara laƙabobi da kirari da habaicin da magoya baya suke yi wa juna, domin adabin baka ne sabo da yake tasowa, kuma a cikinsa ne za a fara jin alama idan ba'a ta soma rikiɗa tana zama gaba.